Yadda Mista Makki Ya Samu Riga

Masu cewa Sakkwato ba ta sake haihuwar gwarzo ba tun da Nasara suka ci garin, ba su san Maccido na Ƙofar Dundaye ba. A gafarce ni, Mista Makki. Haka ya ce a riƙa kiransa tun da ya samu babban muƙami a kantin Bature: shi ne mai murɗa hannun garmaho. In Bature ya ƙoshi ya miƙe ƙafa, Makki ya murɗa, faifai ya juya, wasu mutanen hayin teku su yi ta busa da buge-buge kamar an saki kaji a maƙera. Sunan abin jaz. Bature ya yi gyangyaɗi, Makki ya kamu.

Da wani akawu ɗan Saliyo zai koma gida, sai ya bar masa jita, molon Turawa mai ƙugu, tsirkiya shida amma biyu sun tsinke. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Daga ranar unguwa ta yi sallama da barcin rana.

Gwaggonsa Inno ta gaji. "Haba Maccido, jikan liman da kiɗi? Roƙo za ka shiga?"

Ya dube ta da tausayi. "Inno, ba ki shina ba. Maroƙi shi ka kiɗi a ba shi. Ni jaz nika yi. Jaz ba shi da ubangida, ba shi da take. Ko ni da ka kaɗa shi ban san inda za shi ba."

Wannan ta ƙarshe gaskiya ya faɗa.

To, akwai Sadiyatu, 'yar Alhaji Mani dillalin shanu na Ƙofar Rini. Makki yana sonta har cikin ransa, ita ma ba ta ƙi shi ba. Manya sun fara magana, saura Alhaji ya ga natsuwar yaro. Inno ta ce ya kai goro, ya tsuguna, ya kama bakinsa. Amma ina! Mutumin da ya waye ba ya ɓoye hasken da Allah ya ba shi.

Ran Juma'a bayan la'asar, Alhaji na zaune ƙofar zaure da baƙi, sai ga gwanin rungume da jita, cikin kwat da aka ɗinka wa mai tumbi uku. Bai tsuguna ba. Ya ɗora ƙafa bisa turken doki, ya rufe ido, ya afka wa tsirkiya. Ya hau, ya gangara, ya ɓata, ya dawo ta wata hanya. Dokin wani baƙo ya fara haƙa ƙasa. Yara suka cika lungu, mata suna leƙe ta katanga.

Alhaji Mani mutum ne mai kunya, ba ya korar kowa daga ƙofarsa. Sai ya yi abin da ya gada: in makaɗi ya tsaya gidanka, ka sallame shi. Ya sa aka fito da riga mai aska biyu. Ko yaron goye ya san wanda ya karɓi wannan ya zama maroƙin gida, maroƙin gida kuwa ba ya zama suruki. Da ɗan mutunci ne, sai ya sunkuya ya ce a yafe masa.

Wani tsoho ya ja kwat ɗin. "Yaro, kak ka amsa!"

Makki ya fizge. "Kun gani? Babba shi ka gane babba!" Ya zura rigar bisa kwat, ya ɗaga hannu yadda har na ƙarshen lungu zai ji: "Jama'a ku shaida! Alhaji ya ba ni riga! Allah shi ƙara girma!"

Wallahi sanƙiran da ya shekara arba'in a sana'ar ba zai faɗe ta da kyau haka ba. Inno da ta ji, sai da ta yi kuka.

Kashegari Audi, ƙanen Alhaji, ya yi sallama. Makki ya fito cikin rigar yana taku ɗai-ɗai, ya tabbata ranar aure aka zo sa masa.

Audi ya ce, "Alhaji na gaishe ka. Ya ce tun da yanzu kai na makaɗin gida, in Allah ya kawo ma Sadiyatu miji, kai za a hwara sanar ma, don ka samu ka gyara tsirkiya."