Jikan Barmo ya je neman asali

Wani mutum ne a unguwarmu, Hambali mai faci. Idan ya ɗauko zancen kakan kakansa Barmo, tayarka sai ta kwana ba iska. Wai Barmo tari kawai yake yi runduna ta watse. Wai takobinsa sai jakuna biyu ke ɗauka.

Ana nan ya nemi auren 'yar Alhaji Mudi, Alhaji ya ce sai ya san asalinsa. Hambali ya ce abu mai sauƙi. Ya yi ta sintiri gidan adana tarihi har ya tono sunan ƙauyen Barmo, Rafin Ɗinya. Ya zuba babbar riga, ya cika mota da Alhaji da 'yan majalisar hirarsa, sai ƙauye.

A ƙofar dagaci ya bugi ƙirji ya ce shi ne jikan Barmo. Sai guɗa ta tashi, ayyururui! Makaɗa suka fito a guje. Dagaci har da hawaye, ya ce shekara da shekaru suna cigiyar zuriyar nan. Hambali ya kalli Alhaji, ya gyara hula, kansa kamar ya fashe.

Ƙarti suka ɗaga shi sama. Yana ta ɗaga wa jama'a hannu, sai ji ya yi an juya shi, an zunduma shi cikin rumbu ta ka, rif!

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?"

Dagaci ya ce, "Al'ada ce. Ranar da mahara suka zo, Barmo rumbun matarsa ya faɗa. Har aka gama yaƙi bai fito ba, sai da ta jawo shi ta ƙafa. Tun daga nan duk kaka muke saka jikansa ɗaya, tsofaffin mata su fito da shi da muciya. Da zuriyarsa suka gudu birni, ɗan akuya muke sakawa."

Ga tsofaffi nan sun yi layi, kowace da muciyarta. Ƙafafun Hambali na ta wutsil-wutsil a sama.

Dagaci ya riƙe hannun Alhaji ya ce, "Idan Allah ya ba shi ɗa namiji da 'yarka, a riƙa kawo mana shi."

Alhaji ya zare hannunsa ya nufi mota. Daga cikin rumbu Hambali ya ce, "Baba, zancen auren fa?"

Alhaji ya ce, "Ɗan akuyar zan ba. Shi aƙalla bai kai kansa ba."