Motar da Harshenta Ya Mutu

Wani ne a unguwarmu, nan garin Piracicaba, bayan kamfanin sukari. Kun san irin mutanen nan da ba su san komai ba, kuma ba a isa a gaya musu ba. Ya sayi mota mai shan mai biyu, fetur da man rake, ya bi ya ishi layi da hon. Ko burodi zai saya a shagon da ke kallon gidansa, sai ya tayar da ita.

Da aka sa ranar auren ƙanwar matarsa, dangi suka ce a ɗauko hayar motar amarya. Gogan naka ya bugi ƙirji.

"Haya? Ina raye? Ni zan kai ta coci!"

Biki na matsowa, sai wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Mota ta fara tari, tana fizga kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Matar tasa, Neide, ta tasa shi gaba sai garejin Seu Valdomiro. Tsohon bakaniken ya jona na'urarsa, ya duba, ya ce:

"Sensa ce."

"Wace ce kuma haka?"

"Harshen motar ke nan. Ita ke ɗanɗana mai ta gaya wa inji, wannan fetur ne, wannan na rake ne, wannan gauraye. Yanzu ta yi shiru, shi ya sa inji ke lalube. Bar min ita in bi wayoyin. In ba su ba ne, mu sa sabuwa."

Mutumin ya ƙanƙance ido. "Wato duk aikinta ta gaya wa inji ne?"

"Shi ke nan."

"Kuma a kan wannan zan bar maka motata? Seu Valdomiro, ni ba ni da baki ne?"

Ya ja abarsa sai gidan mai. Aka cika masa tanki da man rake. Kafin mai zuba man ya rufe, ya ture shi, ya kafa baki a ramin tanki ya kwarara ihu:

"Na rake ne! Kin ji? Na ra-ke!"

Duk layin motoci aka leƙo. Wani direban babbar mota ya ce, "Gaya mata da ƙarfi, ɗan'uwa, wataƙila kurma ce!" Shi kuwa ya ɗauka shawara aka ba shi. Ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Ya tayar da mota, ta yi tari ta fizge shi.

Washegari aka tashi da sanyi. Ya murza makulli, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, haka. Ya tsaya ya riƙe haɓa, can sai ya tafa hannu.

"Neide! Na gano! Da me ake yin man nan?"

"Da rake."

"Giyar da kawunki ke sha fa?"

"Da rake."

"To shi ma ai haka yake yi da safe! Maye ne bai sake ta ba. Kawo kofi!"

"Kai mutumin nan, ka mayar da motar nan gareji."

"Mai zafi, ba madara!"

Ya buɗe bonet, ya samu ɗan ƙaramin tankin nan da ake zuba fetur don tashin safe, ya ɗura masa baƙin kofi har wuya. Ya ƙara sukari, wai kada ta ƙi sha. Da rana ta take, inji ya ɗumama, mota ta tashi don kanta, tana kakari. Ya zagaya layi yana gaya wa kowa ya fi Valdomiro.

Ranar biki ya ci kwat. Sai tunani ya zo masa: kullum yana gaya wa mota abin da aka zuba, amma ai ba ya ɗanɗanawa. In masu gidan mai suna gauraya fa? Ashe ƙarya yake ta yi mata, shi ya sa take fushi. Ya samo tiyo, ya zura a tanki, ya zuƙa. Ya kurkure baki ya tofar.

"Kamar na rake."

Ya sake zuƙa don ya tabbatar. Wannan karon rabi ya wuce.

"A'a, da ɗan fetur."

Haka ya yi ta bincike har ya fara ganin ƙofar gidansa ta zama biyu.

Amarya ta shiga baya da farar rigarta, Neide na riƙe mata jelar rigar. Mota na tari, direba na shaƙuwa. Daidai shingen 'yan sanda a kan gada, inji ya ɗauke ɗif. Ɗan sanda ya leƙo, warin ya buge shi, ya ja baya.

"Malam, ka sha ne?"

"Yallaɓai, ni ba na sha. Ɗanɗana mata nake yi."

"Wa?"

"Motar. Harshenta ne ya mutu."

Ɗan sandan ya miƙo abin hurawa na gwajin maye. Mutumin ya karɓa, ya fito yana tangaɗi, ya zagaya baya ya durƙusa, ya kara abin a bakin salansa.

"Ita za ku gwada, yallaɓai. Ita ce mashayiyar."

A motar janwe amarya ta isa coci, tana kuka, fadan cocin ya gaji da jira har ya tuɓe rigarsa. Shi kuwa gogan a bayan kantar 'yan sanda ya ci nasa bikin.

Da aka sako shi, Neide ta ja shi sai gareji, ko kallonsa ba ta yi. Seu Valdomiro na tsaye yana kakkaɓo garin kofi daga cikin wani bututu.

"Sensar taka lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Soket ne ya saki. Da yatsa na mayar da shi."

Mutumin ya washe baki ya juya ga matarsa. "Kin ji ko? Ban ce miki ba sai an canza komai ba?"

"Yanzu kam sai an canza," in ji Valdomiro. "Famfo ya tafi, bututu ya toshe. Amma babban abin da ya lalace, Dona Neide, yana tsakanin sitiyari da kujera, kuma ba ni da sabonsa."

Neide ta kalli mijin daga sama har ƙasa.

"Ko na hannu ne ka samu, Seu Valdomiro, sa mana."