Ranar da Na Bar Amarya a Mota

Ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar da mutanen Mubi masu gudun hijira suka cika Jimeta ba. Zafi ya yi zafi, kogi ya janye ya bar farin yashi, kowa yana tafiya kamar barci bai sake shi ba. Kowane gida da baƙinsa. Ni tawa baƙuwar Saratu ce, yarinyar da ta iso gidana a Rumde da ƙafa a kumbure, ba uwa ba uba. Ta zauna har ta zama 'yata, Dada take kirana.

A shekarar ne ɗana Bello ya tafi kwas Kaduna, ya bar min motarsa, irin ta zamani. Ya ce, "Dada, a riƙa tayar da ita kada ta mutu." Ni kuwa ban iya tuƙi ba, amma na iya murɗa makulli. Kullum da hantsi sai in shiga in tayar, in kunna sanyi, in lumshe ido. Motar tana tsaye a gindin mangwaro, kaji suna kiwo a ƙarƙashinta, ni kuma na wuce Ngurore, na wuce Numan, gonaki suna gudu ta taga, babu shinge babu soja. (Wata rana har Makka na kai, ban san ta inda na tsallake teku ba.)

Da motar ta fara ɗan tari, sai na je gidan mai aka sayar min da maganin wanke inji a 'yar kwalba. Na karanta lambobin jikinsa da kaina, don karatun yaƙi da jahilci bai tashi a banza ba. Duk Juma'a in ɗura mata, kamar yadda nake ba yara maganin tsutsar ciki. Har nakan shafa bayanta in ce sannu.

Sai Allah ya kawo wa Saratu miji, wani malamin makaranta a cikin Yola. Mata suka ce a ɗauko tasi. Na ce ina, yarinyar da ta shigo garin nan a ƙasa ba za ta fita gidana a motar haya ba. Na bugi ƙirji a gaban kowa na ce motar Bello ta fi sabuwa lafiya, ni nake jinyarta.

Saboda dokar hana fita, bayan la'asar muka ɗauki amarya. Sali ƙanin maigidana ne ke tuƙi, ni da Saratu muna baya. Tun daga ƙofar gida motar ke karkarwa. Sali ya ce, "Adda, anya kuwa?" Na ce kunya take ji, ta daɗe ba ta ga mutane ba.

Muna isa shingen sojoji a hanyar Yola, layi ya yi tsawo, Sali ya taka mai, sai salansar motar ta saki wata ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Ni dai na tsinci kaina kwance a lambatu, da sabon ankona, ɗankwali a wani wuri, ina ta salati. Da na ɗaga kai, ni kaɗai ce a ciki. 'Yan rakiya duk sun leƙo ta tagogi.

Wani soja ya tsaya a kaina ya ce, "Mama, fito. Motarki ce ta yi tusa."

Saratu ta sauko da lulluɓinta, ita da ya kamata a riƙe, ita ta riƙo hannuna ta jawo ni. A hankali ta ce, "Dada, wannan ba bindiga ba ce. Na san ƙarar bindiga." Wallahi wannan maganar ta fi lambatun ba ni kunya. A keke mai ƙafa uku muka ƙarasa da ita, ina wari a gefenta.

Da na kira Bello, sai da ya gama dariya ya yi min bayani. Wai irin wannan injin, fetur kai tsaye yake faɗawa cikinsa, ba ya bi ta maƙogwaro. A maƙogwaron ne baƙin hayaƙi ke daskarewa, musamman motar da ke ruri a tsaye, maganina kuma ko sau ɗaya bai taɓa wurin ba. Sai an kwance an kankare. Abin da na koya shi ne, kafin ka yi alƙawari da abu, ka fita da shi ƙofar gida tukuna.

Washegari na soya masar shinkafa, na tafi gidan Saratu ina shirya ban haƙuri a hanya. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓi kwanon.

"Shigo, Dada," in ji ta. "Amma bari in rufe ƙofar a hankali."