Yadda Kwabon Cibiya Ya Zama na Gwamna

Ran Talata na yi awa huɗu a layin kananzir a Titin Koudoukou, na dawo gida da kwalbata yadda na fita da ita, sai dai ta sha rana. Ba ƙorafi nake ba. Rediyo ta ce mai ya wadata a ƙasa, ni kuwa wace ce da zan ƙaryata rediyo? Macen da ta bar makaranta a aji uku, ta ƙarasa karatunta a jikin jaridar da ake naɗe makala, fankenmu na nan garin. Wataƙila man yana nan, ni ce ban iya layi ba.

Dama ba layi ne sana'ata ba, ɗinki ne. Amma tun da turugu, sojojinmu masu albarka, suka fara tambayar albashinsu da bakin bindiga, wasu bayin Allah suka fasa rumfata a watan jiya suka ɗauke keken ɗinkina. Ba sata ba ce, rediyo ta ce 'yan matsaloli ne. Da keken nan nake ci da kaina da kakata Dada. Yanzu da allura nake fama, riga ɗaya kwana uku, masu kawo ɗinki kuma sun fara gaishe ni daga nesa.

A layin ne Baba Nasidi, maƙwabcinmu mai canji, ya same ni. Canji ya yi sanyi, ya koma dillancin kayan Turawa masu gudu.

"Zaituna, kwabon nan na kakarki mai hoton zakara, yana nan?"

"Na cibiya?"

"Rufa mana asiri, 'yata. Kar in sake jin kin ce na cibiya."

To, na cibiya ne. Tsohon kwabo ne na zamanin Turawa, baƙi ƙirin don tsufa. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu cibiyarsa ta turo, da shi Dada ke danne ta, ta ɗaure da tsumma. Cibiya goma sha ɗaya ya gyara, har da tawa, kuma ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau.

Baba Nasidi ya zaro wani littafi daga aljihu, shafi bayan shafi hoton kwabbai ne da farashinsu. Wai wani Bature mai tara irinsu zai yi gwanjon kayansa ran Alhamis kafin ya hau jirgi, kuma ya yarda a saka na wasu a ciki. Ya nuna min zakaran Dada: jaka ashirin. Kwabon da ko makala ɗaya ba zai saya ba! Keke na hannu kuwa jaka saba'in ne a kasuwa. Na ce da babu gara ba daɗi.

Dada ta ƙi da farko. "'Ya'yanki fa, da me za a danne musu?"

"Dada, a fara samo uban nasu tukuna."

"Ja'ira. Da wannan bakin wa zai ɗauke ki?"

Ta dai yarda. Ran Alhamis da safe na fito na tarar da ita a tsakar gida da toka da lemun tsami, ta dirje kwabon nan yana walƙiya kamar haƙorin Makka.

"Kayana ba zai je gaban manya da dauɗa ba, a ce Dada ƙazama ce."

Da Baturen ya ɗora madubinsa a kai, sai da ya nemi kujera. Ya yi ta magana da hanci yana ɗaga hannu sama. Baba Nasidi ya fassara min cikin muryar ta'aziyya: dauɗar ita ce kuɗin. Dauɗar shekara hamsin Dada ta wanke a kwata kafin karin kumallo. Yanzu in ya yi tsada, jaka uku. Allah ɗaya gari bamban. A unguwarmu Kilomita Biyar a zage ka don ƙazanta, a Turai a biya ka. Na ji kekena ya ƙara nisa, amma tun da na riga na biya tasi, na zauna kallo.

A farfajiyar gidan Baturen aka yi gwanjon. An sayar da firji, an sayar da kujeru, har kwanon kare sai da ya samu mai so. Can wajen bakin kogi ana ɗan sakin harsashi jefi-jefi, don kar a manta da su. Manyan gari sun cika kujerun gaba, waɗanda a yaren Sango ake kira kota zo. Na tambayi Baba Nasidi me ya kawo su sayen tsohon ƙarfe ana wannan hali.

Ya ce, "Takardar kuɗi kin ga yadda aka raba darajarta biyu muna barci. Gida kuma ba ya shiga kwalekwale. Babban mutum yana son dukiyar da za ta shiga safa ran da za a tsallake kogi."

Kun ji hangen nesa. Shi ya sa suke manya muke layi.

Biyu daga cikinsu sai na gabatar muku da su cikin ladabi. Akwai Maigirma Daraktan Ƙidayar Ramukan Titi, wanda ya shekara tara yana ƙirga, duk damina su ƙaru ya koma farko, bawan Allah. Akwai kuma Maigirma Mai Ba da Shawara kan Shawarwarin da Aka Riga Aka Bayar. Ba sa ga maciji tun wani biki da aka ajiye ɗaya kusa da fanka, ɗaya kusa da ƙofa.

Mai gwanjo ya ɗaga kwabon Dada, rana ta doke shi, hasken ya faɗa idon Madam ɗin Darakta. Ya ce wannan daga aljihun wani gwamnan Turawa ya fito. Na buɗe baki, Baba Nasidi ya taka min ƙafa.

Madam ta raɗa wa mijinta cewa zai yi kyau a sarƙa, raɗar da har mu na baya muka ji. Darakta ya ɗaga yatsa. "Jaka biyar."

Mai Shawara ya gyara tabarau, ya sanar da jama'a cewa shi a Turai ya karanci irin waɗannan abubuwa, ba kowa ya san su ba. "Goma."

"Ashirin."

"Arba'in."

Baturen ya miƙe yana kaɗa littafi, yana ƙoƙarin cewa an wanke, an lalata. Babu wanda ya dube shi. Sauran kwabbansa masu dauɗar asali an sayar da su daidai farashin littafi, wasu ma ƙasa, don mutum ɗai-ɗai ne ya taya.

Baba Nasidi ya ce min a kunne, "Littafi ya san kwabo, bai san mutane ba. Mai so ɗaya ciniki ne. Masu so biyu gaba ce."

Ana jaka tamanin sai harbi ya matso, ta-ta-ta, kamar a bayan katanga. Kowa ya kwanta. Ni ina ƙarƙashin teburin kwanuka, ina hango Darakta ya shige bayan firjin da aka sayar, Mai Shawara ya rungumi tukunyar fulawa. Na ce shi ke nan, taro ya watse. Sai na ga hannu ya ɓullo daga bayan firji.

"Ɗari!"

Tukunyar fulawa ta amsa, "Ɗari da ashirin!"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. A jaka ɗari da sittin firji ya yi shiru, mai gwanjo ya buga guduma daga kwance. Mai Shawara ya biya nan take da sababbin takardu masu ƙamshi, a garin da malaman makaranta suka manta kalar albashi. Ban tambayi inda ya samo ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Aka cire la'adar mai gwanjo da ta Baba Nasidi, na ƙulle ɗari da talatin a bakin zane, ina tafe ina yi wa manya dariya har gida.

Jiya da hantsi na shiga Kasuwar Kilomita Biyar, layin masu kekuna. A rumfar wani Abdulganiyu na gan shi. Kekena. Ga tsumman atamfata da na naɗe hannunsa da shi, ko kwancewa ba su yi ba.

"Malam, wannan daga ina?"

"Sabo ne daga Duwala, Hajiya. Satin nan ya sauka."

"Da tsumman zanena a jiki?"

"Haka kamfani ke yin su yanzu."

Waɗanda zan kai wa ƙara suna can suna neman nasu albashin, don haka na ce nawa. Ya ce saba'in. Ina cikin kwance bakin zane sai na ji murya a bayana.

"A'a, Zaituna, ashe ana nan? Malam, saba'in da biyar."

Sa'adatu ce, telar da ke kallon rumfata, wadda ta kwashe min masu ɗinki tun ran da aka fasa, ta kuma zo min jaje da sabon leshi. Kekena, a rumfarta, ina kallo kullum? Na ce tamanin. Ta ce ai ita tausayina take ji, casa'in. Daga nan ban san abin da ya faru ba, na dai ji bakina yana aiki shi kaɗai. Ga wani keke a gefe, ya fi nawa sabunta, jaka sittin da biyar, ko kallonsa ba mu yi ba. A ɗari da ashirin Sa'adatu ta yi murmushi ta ce Allah ya sanya alheri.

Na ɗoro shi a ka har gida. Dada ta saurari labarin tas, ta karɓe jaka goman da ta rage, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe ke ma kota zo ce. Mota ce kawai babu."

Keke dai yana ɗinki lafiya, har ya fi da daɗin sauti, ko don na san abin da ya ci. In kun ji ana cewa manyanmu ba su san darajar kuɗi ba, ku yarda, da idona na gani. In kuma kun kawo ɗinki kuka ji riga ta ƙara ɗari biyar, kar ku tsaya ciniki. Wannan keken yana da tarihi, daga Duwala ya zo.