Nomau da Shamuwar Lambunsa

Wannan ba ji na yi ba, da idona na gani, kuma idon nan nawa ko ƙuda ya gifta a Rafin Dinya sai na gaya maka namiji ne ko mace. Nomau maƙwabcina ne. Gidansa daga shi sai matarsa Tabawa, sai wani lambu da ubansa ya bar masa, wanda ko ɓera ya shiga sai ya fito da yunwa. Ƙanen ubansa, Baffa Jatau, ya rantse in damina ta wuce bai ga kore a lambun nan ba, zai karɓe ya ba ɗansa. Shi kuwa Nomau, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana, ana tsakiyar bazara, ya samo dashen lalle da gwaiba da zogale, ya je ya tsuguna gaban Baffa.

"Baffa, yaushe ake dashe?"

"Sai ƙasa ta jiƙe har gwiwar hannu. Tashi ka ba ni wuri."

Nomau ya haƙa rami guda, ya yi ta ɗura masa ruwan rijiya har hannunsa ya nutse zuwa gwiwa. Nan kaɗai ƙasa ta cika sharaɗi, don haka ya cusa dashen gaba ɗaya a ramin, kamar ana ɗaurin tsintsiya. Kafin Juma'a sun bushe. Baffa ya leƙo ya ce, "Madalla, ka noma itacen girki."

Wata rana Tabawa ta roƙo wani dashen a gidan iyayenta. Uwarta ta aiko da gargaɗi, kada a bari rana ta gan su. Nomau ya dasa, ya kwashe tukwanen gidan kaf, har ta tuwo, ya kife a kansu, ya liƙe gefe da laka. Gidan suka koma shan gari da ruwa. Tabawa ta ce ya buɗe, ya ce ai rana ba ta daina fitowa ba. Da ta gaji ta ɗaga tukunya da kanta, sai tururi ya bugi fuskarta. Zogale ya dahu luguf.

Ta ce, "Malam, kawo ƙuli mu kwaɗa, kada wahalarka ta tafi a banza."

Ya tafi ya kawo.

Wata rana ya zo wurina, don duk garin an san ni ne kan noma. Ina cin goro, ya dame ni.

Na ce, "Kai Nomau, kada ka sake dasa komai sai shamuwa ta sauka."

"A ina, Baba?"

"A lambunka mana, ko a kaina za ta sauka?"

Ai kuwa ya riƙe. Ya zuba sabon dashensa a fasassun ƙore, ya jera a inuwar tsamiya, yana ba su ruwa safe da yamma. Ruwan farko ya sauka, shamuwa suka cika rimin kasuwa, kowa ya fita dashe. Nomau na zaune. Tabawa ta ce ga shamuwa can ta zo, ya ce waccan ta kasuwa ce, tasa yake jira. Ya share mata wuri, ya ajiye mata ruwa a kasko. Baffa ya zo da ɗansa suna taka lambun suna nuna inda za su sa albasa. Ya tsaya kan Nomau ya ce, "Ka shimfiɗa mata tabarma kuwa? Baƙuwa ce fa."

Nomau ya shiga gida ya ɗauko tabarma.

To, ruwan nan ashe leƙe ya yi. Sama ta ɗauke, rana ta buɗe kamar da gayya. Duk wanda ya yi dashe ya zuba ido yana kallon kayansa na ƙonewa, har da lemun Baffa da yake ta cika baki a kansu. Ni dama na san za a yi haka, tun daga ƙanshin ƙasar na gane.

Sai da damina ta dawo ta zauna sosai, ciyawa ta rufe lambun Nomau, fara ta cika shi, sannan wata shamuwa ta sauko cin fara. Nomau ya yi mata sannu da zuwa, ya hau dashe. Ƙasa a jiƙe, sama a lumshe. Ko ɗaya bai mutu ba. Kafin kaka lalle ya kewaye lambun, zogale ya fi ni tsawo.

Wata rana sai ga Baffa, murya ƙasa-ƙasa, wai ɗan nan a yanko masa reshen lalle ya dasa.

Nomau ya ce, "Baffa, shamuwa ta sauka a naka?"

"Ba ta sauka ba."

"To sai ta sauka. In kana so in ara maka tabarmar."

Lambu dai yana hannun Nomau har yau. Duk abin da na faɗa haka aka yi, sai dai wancan zancen na ƙanshin ƙasa, shi ni na ƙara. Gwaibata ce ta fara mutuwa a garin.