Kwanar da Na Sha da Amalanken Turare

Sau bakwai na kalli wani gajeren katun tare da 'yata, inda motoci ke shan kwana a karkace a titunan Japan. A na takwas na tabbata na gano sirrin.

Washegari a sitonmu da ke unguwar masana'antu ta Al Quoz, ina tura amalanke cike da kwalayen turaren wani Alhaji, sai ga kwana. Na ƙara gudu, na murɗa hannu. Amalanken ya sha kwanar, kwalayen kuwa suka miƙe sambal suka zube ƙasa.

Alhaji ya daɗe yana kallon fasassun kwalabe, sannan ya ce, "Malam, shekarunka nawa?"

"Arba'in da biyu, Alhaji."

Ƙamshin ya bar siton tuni. Amma har yau in na shigo, ma'aikata sai su janye kaya: "Yalla, maza-maza, a ba Ɗan Japan hanya!"