Fankar Sarkin Iska

Duk faɗin Kwarbai ba a taɓa haihuwar mai ilmi kamar Alhaji Bahago ba, kuma shi da kansa shaida ne. Akawu ne a wani ofis, amma tun da aka tura shi ɗan kwas Turai ya dawo Injiniya. 'Yan unguwa suka ƙara masa da Sarkin Iska, ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A can ne ya ga manyan fankoki da iska ke juyawa suna ba da lantarki. Ya rantse sai ya yi wa Zazzau irinsu. Ya sa maƙeri ya tsaga tsohon duro gida uku, aka kafa bisa soronsa.

Sai dai fankar raguwa ce. Ta juya sau ɗaya, ta huta. Tattabaru na sauka a kan fikafikanta ana zagayawa da su kyauta. Alhaji kuwa, mai neman kujerar kansila, ba ya iya jure wannan abin kunya. Ya lallaɓa ya kwance injin markaɗen matarsa Hajiya Barira, wanda ke aiki da lantarki, ya ɗaura a bayan fankar, ya ja waya ta cikin indararo.

Ranar buɗewa dattawa suka cika rumfa. Fanka na gudu kamar an biyo ta, alhali ko ganyen dalbejiya ba ya motsi.

"Jama'a, wannan shi ake kira fiziks!" in ji Injiniya, yana saɓa babbar riga. "Ta Turawa rarrafe take yi. Tawa ko ido ba ya ƙirga juyinta. Kwarbai ta yi ban kwana da duhu, ku dai ku tuna da ni ran zaɓe."

Maƙwabcinsa Malam Ja'afaru ya ɗaga kai. "Alhaji, to ina iskar?"

"Iskar sama ce, Malam. Sai wanda ya hau jirgi ya san ta."

Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta. Fanka ta yi ƙiii, ta tsaya cak. Kamar da gayya, hadari ya taso da iska, ta kwashe huluna, ta yaye rumfa. Fanka ko gezau, injin ya riƙe ta gam.

"Hutawa take yi," in ji Sarkin Iska, yana dafe da rawani. "Ko a Turai ma..."

Sai muryar Hajiya Barira ta tsallako katanga.

"Alhaji! In ta gama ba wa garin wuta a sauko mini da injina. Waken ƙosaina ya fara tsami!"